Sharhi: Sauyin Halin Damina Da Makomar Rumbun Manomin Najeriya

A cikin watan Agustan 2024, watan da manomi ya sani da marka, an ga abubuwa biyu masu karo da juna a Najeriya. A sassan jihohin Kogi da Nasarawa da Binuwai da Filato da Taraba da Neja, yankin da ya saba da wadatar ruwa, sama ta ɗauke na tsawon makonni. Masara ta naɗe ganye tun ba ta ɗauki goyo ba, har jama'a suka fita filayen idi da majami'u suna roƙon ruwa. A daidai wannan lokaci kuma, a Jigawa da Yobe da Bauchi da Zamfara da Sakkwato, inda fari ne abin tsoro tun kaka da kakanni, ruwa ne ya yi yawa. Ya rushe gidajen ƙasa, ya kwanta a kan gero da dawa. A daren 9 ga Satumba, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri, irin wadda rabon da a ga kamarta tun 1994.

Da za a tara ruwan da ya sauka a faɗin ƙasar nan a waccan shekara a raba shi daidai, da wuya a kira ta shekarar fari. Amma manomin Lafiya da na Haɗeja duk sun yi asara, ɗaya saboda ƙishirwar gona, ɗaya saboda ruwa ya sha ƙarfinta. Darasin da ke cikin wannan shi ne, jimillar ruwan shekara ta daina isa ta zama ma'aunin damina mai albarka. Abin da ke cika rumbu ko ya bar shi wayam shi ne ranar da ruwan ya fara, da tazarar da ke tsakanin wannan ruwa da mai bi masa, da ƙarfin da ya sauko da shi, da kuma ranar da ya ɗauke. Yayin da wata daminar ke ƙaratowa, ya dace a duba ko tsarin noman ƙasar nan ya fahimci wannan sauyi.

Yadda ruwa ke tafiya a Najeriya

Iska biyu ne ke juya yanayin ƙasar nan. Akwai busasshiyar iska mai ƙura da ke tasowa daga Hamadar Sahara, wadda ke kawo hunturu. Akwai kuma iska mai laima da ke fitowa daga Tekun Atlantika. Mahaɗar waɗannan iskoki biyu tana matsawa arewa sannu a hankali daga farkon shekara, ta kai ƙuryarta cikin hamada a watan Agusta, sannan ta juyo kudu da sauri. Ruwa yana bin bayan wannan mahaɗa ne. Shi ya sa damina ke sauka a Kalaba da Fatakwal tun watan Maris, ta iso Makurɗi da Abuja cikin Afrilu, ta kai Zariya a watan Mayu, amma Nguru da Illela sai Yuni ko ma farkon Yuli.

Wannan tafiya ita ta raba ƙasar gida-gida ta fuskar noma. Gaɓar teku na samun fiye da milimita 2,000 na ruwa a shekara, kuma a can ne ake noman kwakwar manja da roba, sai koko a dazuzzukan Ondo da Osun da Kuros Riba. Tsakiyar ƙasa, mai samun tsakanin milimita 1,100 zuwa 1,500, ita ce gidan doya da rogo da waken soya da riɗi. Yankin Zariya da Funtuwa, mai kimanin milimita 1,000, ya zama cibiyar masara. Daga nan ruwa sai raguwa yake yi, har a kai bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar inda wasu wurare ba sa wuce milimita 500, kuma damina ba ta cika kwana 100 ba. A kudu maso yamma akwai ɗan hutu da ruwa ke yi a watan Agusta, wanda ya ba manoman Oyo da Ogun damar noman masara sau biyu a shekara.

Abin da ya faru a 2024 shi ne, igiyar ruwan ta haura arewa fiye da yadda ta saba, ta kuma daɗe a can. An yi ambaliya a Nijar da Cadi, ruwa ya sauka har cikin sassan Sahara da kan shekara ba su ga ɗigo ba. Ƙasashen da igiyar ta bari a baya kuwa suka bushe. Arewacin Gana ya shiga irin halin da tsakiyar Najeriya ta shiga, har gwamnatin ƙasar ta hana fitar da hatsi waje a ƙarshen watan Agusta. Ke nan ɗan ƙaramin kauce hanya da iska ta yi ya isa ya juya taswirar noman yankin baki ɗaya.

Gaɓoɓi huɗu da ke yanke wa gona hukunci

Gaɓar farko ita ce faɗuwar damina. Ruwan farko ba lallai ne ya zama ruwan shuka ba. Wani ma'auni da masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka fitar a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa damina ba ta kama ba sai an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba a cikin wata guda da ya biyo baya. Matsalar manomi ita ce, rabin wannan sharaɗi yana gaba, ba ya iya ganinsa ranar da zai yanke shawara. Idan ya shuka da ruwan yaudara, iri ya tsiro rana ta ƙone shi, sai ya sake. A da, sake shuka asarar 'yan mudu ce na irin da ya ajiye a rumbu. Yau manomin masara sayen iri yake yi, ya biya kuɗin huɗa da na maganin ciyawa, saboda haka shuka ta biyu na iya cinye kuɗin takin da ya tanada.

Binciken na Sadore ya kuma nuna wani abu mai amfani: ranar faɗuwar damina ta fi ranar ɗaukewarta yawan sauyawa. Ma'ana, idan ruwa ya makara, ba kasafai yake ramawa a ƙarshe ba. Daminar da ta zo a makare gajeriya ce. Manomin da ya ga Yuni ya raba ba a yi ruwan shuka ba, ya kamata ya sauya irin da zai shuka maimakon ya zauna kan fatan ruwa zai kai ƙarshen Oktoba.

Gaɓa ta biyu ita ce tsayawar ruwa a tsakiyar damina. Ba kowane fari ne ke kisa ba. Gero da dawa suna iya jure kwanaki babu ruwa suna ƙanana, su farfaɗo idan aka yi yayyafi. Amma masara, idan ƙishirwa ta same ta a makonni biyu kafin fitar fure zuwa makonni biyu bayansa, fure da gemu ba sa haɗuwa a kan lokaci, sai a sami goyo babu ƙwaya. Shinkafar tudu ma haka take idan ta yi ciki. Wannan ne ya sa farin Yuli da Agustan 2024 ya yi wa tsakiyar ƙasa illa mai tsanani: ya zo daidai lokacin da amfanin gona ya fi buƙatar ruwa, bayan manomi ya riga ya zuba duk jarinsa a ƙasa.

Gaɓa ta uku ita ce ƙarfin ruwan. Milimita 100 da suka sauka cikin mako biyu abinci ne ga shuka. Idan suka sauka cikin dare guda, mafi yawansu gudu suke yi, su kwashe ƙasar sama da takin da aka zuba, su tsaga kwazazzabo, su taru a fadama su nutsar da shinkafa. Takin yuriya, wanda tsadarsa ta addabi kowa, shi ya fi shan wahala a hannu biyun: mamakon ruwa ya wanke shi, busasshiyar ƙasa kuma ta bar shi ya bi iska. Yawan laima yana kuma kiran cututtuka. Cutar da ke baƙanta 'ya'yan koko ta fi ƙarfi a shekarun da ruwa ya yi yawa, kuma manoman citta na Kachiya da Jaba da Kagarko ba za su manta da cutar da ta ruɓar musu da gonaki a daminar 2023 ba.

Gaɓa ta huɗu ita ce ɗaukewar ruwa. Idan ya ɗauke da wuri, dawa da maiwa ba sa cika ido, wake ya zubar da fure. Idan kuma ya zarce cikin kaka, gero ya yi baƙi a tsaye, gyaɗa ta tsiro a ƙasa, masarar da aka shanya ta yi funfuna. Irin wannan funfuna ce ke haifar da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, wadda kuma ke sa a ƙi karɓar gyaɗa da masara a kasuwannin waje.

Daga shekarun fari zuwa shekarun mamako

Tunanin noma a arewacin ƙasar nan fari ne ya gina shi. Tsofaffi sun gaji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Waɗanda suka manyanta a yau sun ga farin farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, lokacin da dabbobi suka mutu, Tafkin Cadi wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ya bar ɗan ƙaramin ɓangare. Amsar da hukumomi suka bayar a lokacin ita ce tare ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a 1976, aka gina Bakolori da Goronyo da Dadin Kowa.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa yankin Sahel, sai dai ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa yawan manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara, wanda ke ƙara bambancin zafi tsakanin hamada da yankunan da ke kudu da ita, abin da ke ba hadari ƙarfi. Bayan ambaliyar 2022 kuma, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar samun irin wannan damina mai tsananin ruwa a yankin Tafkin Cadi kusan sau 80.

Jerin shekarun ya isa shaida. Ambaliyar 2012 ta hallaka mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da muhallansu, a ƙididdigar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA. A 2020 ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a fadamun Kebbi ana dab da girbi. A 2022 mutum fiye da 600 suka rasu, ruwa ya taɓa fiye da jihohi 30, ya datse hanyar Lokoja wadda ke haɗa kudu da arewa, kayan abinci suka yi kwanaki a kan manyan motoci. A ƙarshen watan Mayun 2025, tun damina ba ta yi nisa ba, ruwan dare ɗaya ya ci rayuka fiye da 150 a Mokwa ta Jihar Neja.

Duk lokacin da Kogin Binuwai ya cika, yatsa kan nufi madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, da kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin tare rarar ruwanta amma har yau ba ta tabbata ba. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a cikin Najeriya suke zuba a Binuwai, ƙasa da Lagdo. A kwarin Haɗeja kuwa, ciyawar kacala da yashi ne suka toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa ko ruwan da bai kai ya kawo ba kan malala cikin gonakin Auyo da Kafin Hausa da Guri. Babban kaso na maganin yana cikin gida.

Hasashe yana nan, isarsa gona ce matsala

Manomin ƙasar Hausa bai taɓa zama babu lissafin yanayi ba. Malamai sun raba shekara zuwa taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, bakwai daga ciki na damina ne, irin su Haƙ'a da Zira'a da Ɗarfa da Jabaha. Dawowar shamuwa da zubar ganyen gawo da juyawar iska duk alamu ne da ake karantawa. Wannan ilimi an gina shi ne a kan maimaituwar abin da aka saba gani, kuma abin da aka saba ganin ne ke sauyawa. Yana nan da amfaninsa, amma yana buƙatar abokin tafiya.

Abokin tafiyar akwai shi. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana fitar da hasashen yanayin shekara a farkon kowace shekara. A ciki akwai ranar da ake sa ran damina za ta faɗi da ranar ɗaukewarta, da tsawonta, da yawan ruwan da ake tsammani, da wuraren da ake fargabar ruwa zai tsaya a tsakiya, jiha-jiha har zuwa matakin ƙananan hukumomi. Ana kuma fassara taƙaitaccen bayaninsa zuwa Hausa da Yarbanci da Igbo da Turancin buroka. Hukumar Kula da Albarkatun Koguna, NIHSA, ita ma tana fitar da nata hasashen ambaliya kowace shekara, tana zayyana yankunan da ke cikin haɗari.

Tambayar ita ce, manoma nawa ne wannan bayani ya sauya musu ranar shuka ko irin da suka saya? Ana ƙaddamar da hasashen a babban zaure a Abuja, jaridu su ɗauka na kwana biyu, daga nan sai ya kwanta a kan tebura. Gadar da ya kamata ta kai shi ƙauye ita ce malaman gona. Shirye-shiryen bunƙasa aikin gona da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 sun taɓa cika karkara da malamai masu yawo a kan babura. Yau a jihohi da yawa waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, malami guda na riƙe da dubban iyalai, babu abin hawa, babu kuɗin mai.

Akwai kuma batun siffar saƙon. Hasashen shekara magana ce ta yiwuwa, kuma ana yin sa ne watanni kafin ruwa, bisa la'akari da zafin manyan tekuna. Idan aka ce damina za ta faɗi a wata rana, akwai ratar kwanaki gaba ko baya. Manomin da aka ba shi rana guda kamar alƙawari, ya ga ba ta cika ba, ba zai sake saurara ba. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne a haɗa masa hasashen shekara da na gajeren zango: shin za a yi ruwa cikin kwana ukun nan, in zuba taki ko in dakata? Shin ruwan jiya na shuka ne ko in ƙara haƙuri? Irin wannan amsa sai ta rediyon jiha da saƙon murya a waya, cikin harshen da ake magana da shi a gona, kuma a kowane mako. Ingancinta ya dogara da yawan tashoshin auna ruwa, waɗanda har yanzu sun yi kaɗan idan aka kwatanta da faɗin ƙasar.

Ko saƙon ya isa, sai manomi yana da halin aiki da shi. Ba shi da amfani a ce masa damina gajeriya ce alhali irin da ke nuna da wuri babu shi a kasuwar garinsu. Haka nan tallafin taki da iri da gwamnatoci ke rabawa, idan ya iso cikin Agusta ya zama biki kawai. A sassan Zamfara da Katsina da Neja da Binuwai kuwa, rashin tsaro ne ke tsayar da ranar shiga gona, komai abin da hasashe ya ce.

Iri, ƙasa da ruwan ajiya

Cibiyoyin bincike na ƙasar nan sun yi nasu ƙoƙari. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, sun fitar da nau'o'in masara masu jure fari, ciki har da masu nuna cikin kwana 80 zuwa 95, da wake mai nuna cikin wata biyu da rabi. Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ta yaɗa geron SOSAT. A 2017 an fitar da shinkafar FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya rayuwa ko da ruwa ya rufe su na kimanin mako biyu. Ga manomin fadama a Kebbi ko Jigawa ko Anambra, wannan shi ne bambanci tsakanin raguwar amfani da rasa komai.

Sai dai iri mai saurin nuna ba shi ne maganin kowace shekara ba. A damina mai tsawo, amfaninsa bai kai na iri mai daɗewa ba. Idan ya nuna cikin marka yakan ruɓe, idan kuma gonar mutum ɗaya ce ta riga sauran nuna, tsuntsaye a kanta za su taru. Tsofaffin nau'o'in dawa irin su farafara da kaura suna da wata baiwa da bai kamata a yi sakaci da ita ba: tsawon yini ne ke sa su fitar da kai, don haka ko an shuka su da wuri ko a makare, suna fure ne dab da ƙarshen daminar yankinsu. Haɗa gero da dawa da wake a gona guda, wanda wasu ke yi wa kallon tsohon yayi, shi ma raba haɗari ne: in ɗaya ya faɗi, ɗaya ya tashi. Hikimar ita ce a ba manomi zaɓi, a kuma ba shi bayanin da zai zaɓa da shi.

Ƙasar gona ita ce madatsar ruwa ta farko. Ƙasar da ta rasa taki da ragowar kara takan yi ɓawo, ruwa ya zame a kanta, bayan kwana biyar kuma ta bushe ƙurmus. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da za a iya yi da fartanya kawai. A yankin Tawa an farfaɗo da ƙasashen da suka mutu ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da rabin-wata masu tare ruwa da taki. A yankin Maraɗi da Damagaram manoma sun riƙa barin kututturen itatuwa su sake tohowa a cikin gona, har miliyoyin hekta suka sake yin inuwa. Huɗa a gicciye da gangare, da toshe kwarin kunya don ruwa ya tsaya, da barin kara a gona maimakon ƙone shi, duk dabaru ne masu arha da ke rage illar mamako da ta fari a lokaci guda. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ba da lamunin dala miliyan 700 dominsa a jihohin arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, a kan irin wannan aiki ya kamata a auna nasararsa.

Batun noman rani ma yana buƙatar sabon kallo. Har yau mafi yawan abincin ƙasar nan da ruwan sama ake noma shi. An saba ɗaukar ban ruwa a matsayin sana'ar rani, alhali ban ruwa sau ɗaya ko biyu a tsakiyar damina, lokacin da masara ke fure, na iya ceton gona ɗungurungum. Ƙananan madatsu da tafkunan ƙauye da rijiyoyin fadama masu famfon hasken rana sun fi dacewa da wannan buƙata, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da ya ninka kuɗin tayar da injin ban ruwa. Manyan madatsun da ake da su kuma, abin da ya faru a Alau ya nuna cewa duba lafiyarsu da kwashe yashin da ya cika su aiki ne na ceton rai.

Saura inshora. An kafa tsarin inshorar aikin gona na ƙasa tun 1987, amma har yau mafi yawan masu shigarsa waɗanda suka karɓi bashin banki ne aka wajabta musu. Akwai tsarin da ke biyan diyya bisa ma'aunin ruwan da ya sauka ko matsakaicin amfanin da yanki ya samu, ba tare da an je an duba gonar kowa ba. Yana da sauƙin gudanarwa, amma sai da ma'aunai masu inganci, da biya a kan lokaci, da kuma tsari irin na takaful ga manoman da ke da damuwa ta fuskar addini.

Abin da ke kan faranti

Wannan magana ba ta tsaya a kan manomi ba. Abin da ya faru a gonakin Saminaka da Giwa shi ke bayyana a kasuwar Dawanau, daga nan ya isa Mile 12 a Legas da Onica, ya shiga kuɗin abincin kaji da farashin ƙwai. A watan Yulin 2023 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, har aka ɗage harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na kwana 150. Ƙiyasin da gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ya nuna mutum fiye da miliyan 30 na fuskantar ƙarancin abinci a tsakiyar daminar 2025. Yanayi ba shi kaɗai ya jawo wannan ba, akwai faɗuwar darajar naira da tsadar sufuri da rashin tsaro. Amma yanayi ne ke sa sauran matsalolin su yi tsanani ga gidan da ba shi da ajiya.

Saukar farashin hatsi da aka gani daga baya ta kawo wa masu saye sauƙi, ta kuma bar manoma da dama suna kukan ba su mayar da kuɗin taki ba. Manomin da ke ɗauke da haɗarin sama shi kaɗai, sannan ya zo ya tarar da haɗarin kasuwa, zai rage gona ko ya koma ga abin da ba ya cin taki. Illar hakan sai a kaka mai zuwa ake ganinta.

Ayyukan da ke gaban hukumomi ba ɓoyayyu ba ne, kuma yawancinsu na watannin bazara ne. Jihohi su karɓi hasashen NiMet da na NIHSA su mayar da su shawarar noma ta kowace ƙaramar hukuma kafin ruwan farko. Iri da taki su isa hannun manoma kafin shuka. A ɗauki sababbin malaman gona, a ba su abin hawa. A yashe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja da makamantansa tun ƙasa na bushe. A sanar da mazauna bakin Neja da Binuwai ranar da za a saki ruwan madatsu da isasshen lokacin da za su kwashe abin da za su iya. Su ma manoma, ta hannun ƙungiyoyinsu, su nemi bayanin su kuma yi aiki da shi, su daina ɗaukar ruwan farko a matsayin izinin shuka.

Saukar ruwa da ɗaukewarsa ikon Allah ne, babu mai jayayya a kan haka. Tanadin iri da gyaran magudana da isar da saƙo kuwa aikin mutane ne, kuma lokacinsu ƙayyadadde ne. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da ba a yi ba kafin shamuwa ta dawo, sai dai a jira wata shekarar.